Hannun da Ya Fito Ta Zana

Ɗan kawuna ya ci gaba da rubuta uwata da rai a takardun likitocin jami'a bayan na binne ta, kuma da hannun matata ya yi wannan aiki. Abin da ya yi mini ke nan. Na faɗa tun farko don kada wani ya karanta rabi ya ce ina kewaye-kewaye. Ba zan kama sunansa ba, ba don ina jin nauyinsa ba, sai don 'ya'yansa suna durƙusawa su gaishe ni.

Ni bokona bai yi nisa ba. Aji biyu na yi a sakandare, mahaifinmu ya rasu, na dawo gona. Ina karanta Turanci a hankali, in na tarar da babbar kalma in tsallake ta kamar kwata. Shi kuwa ya ƙarasa, ya yi makarantar kiwon lafiya, aka ba shi ɗakin shan magani na ƙauyenmu, can tsakanin Taura da Garki. Taubashina ne, ubansa da Inna ciki ɗaya. Kowa ya san taubasai. Tun muna yara ba ma gaisawa sai da zagi, ya ce mini bawansa, in ce masa bawana, kuma duk abin da ɗaya ya yi wa ɗaya ba a riƙe shi a zuci, ba a kai ƙara. Wasa ne.

Shekarun da aka mai da Dutse babban birnin jiha aikin gini ya buɗe, ni ma na bi sahu. Ina lebura a hannun wani birkila, ina leƙa gida duk sati biyu in an samu mota. A gidan akwai Inna da matata da 'ya'yanmu biyu ƙanana. Inna tana fama da jiri da ciwon ƙeya, ɗan kawuna ne ya auna ta ya ce sunan abin hawan jini.

Wata ranar kasuwa ina gida, sai ga farar mota ta tsaya a ƙofar mai unguwa. Mutanen jami'a ne: likita dogo mai tabarau, da wata nas Kirista 'yar Filato da ke zaune a Dutse, da direba. Aka tara tsofaffi a gindin tsamiya, ɗan kawuna yana tsaye kusa da likita yana ta gyara hula. Suka ce sabon maganin hawan jini suke gwadawa. Duk wanda ya yarda za a ba shi kwalba, a riƙa zuwa duk wata ana auna shi. Amma rabin kwalaben ne ke da magani, sauran ƙwaya ce kawai ba komai a ciki, kuma lamba ce a jikin kowace.

Mai unguwa ya ce, "Likita, kai ma ba ka san abin da za ka ba mu ba?"

"Ban sani ba, Baba. Sai an gama za a buɗe a gani."

"To, Allah Ya nuna mana buɗewar."

Wani tsoho makaho daga baya ya ce, "Ni a ba ni ta banzar, na fi sabawa da ita." Aka fashe da dariya, har likitan.

Da dariyar ta lafa likitan ya faɗi magana ɗaya da na ji da kunnena. Ya ce in wani ya ji jikinsa ya canza, ko Allah Ya yi masa rasuwa yana cikin shan maganin, a sanar da su nan take, domin sanin wannan shi ne ma abin da ya kawo su.

Inna ta ƙi. Matar malami ce, ko da ta tsufa ba ta taɓa zama gaban baƙon namiji ba. Ni na zauna na karanta mata takardar, rabi ina ganewa rabi ina tsallakewa, na ce, "Inna, ba komai a ciki. Ga ɗanki ma yana wurin." Ta daɗe tana kallona, sannan ta miƙa babban yatsa aka shafa tawada ta dangwala. Wannan laifina ne, ban ɗora wa kowa ba.

Wata biyu na farko nas ɗin ce take shiga har ɗaki ta auna ta. Sai wahalar man fetur ta zamanin soja ta tsananta, motar ta koma zuwa da mutum ɗaya, namiji, kuma kowane wata wani daban. Ƙa'idarsu mutumin jami'a ne zai yi awo da hannunsa, ba ɗan gari ba. Inna ta ce namiji ba zai ƙetare zaurenta ba. Ɗan kawuna ya kawo dabara: ya sa wuƙa ya yanka 'yar kafa a jikin zanar da ke gefen zaure. Inna ta zauna daga ciki ta ziro hannu, mai awo ya ɗaura mata robar nan daga waje ya yi ta matsa famfo, ya rubuta, ya ɗora mata sabuwar kwalba a tafin hannu. Kowa ya yaba da hikima.

Da kaka ƙafafunta suka fara kumbura. Ta ce bakinta yana ɗanɗanon ƙarfe. Ina gida muna yankan gero. Wata safiya da hantsi ta fita wurin alwala ta faɗi, kafin a kira ni daga gona rai ya yi halinsa. Bayan azahar muka kai ta.

Ranar sadakar uku na ja ɗan kawuna gefe na ce, "Ka sanar da mutanen nan?"

Ya ce, "Bawana, kai da siminti, mu da takarda. Na aika tun jiya."

Aka raba 'yan kayanta. Munduwarta ta tagulla, wadda tun ina goye nake jin sanyinta a cinyata, ita na ɗauka na jefa ƙasan akwati a ɗakinmu. Na koma Dutse.

Wata biyar bayan nan siminti ya yanke a wurin aikinmu, birkila ya sallame mu tsakiyar sati. Mota ta sauke ni a bakin titi, na tako da ƙafa cikin zafin bazara, rana tsaka. Garin shiru, kowa ya shige inuwa, ko akuya ba ta motsi. Ina karyo kwana sai na ga farar motar a ƙofar gidana.

Wani mutum mai farar riga yana zaune a kan turmi a gefen zaure, kayan awo a cinyarsa. Ɗan kawuna yana tsaye da fayil. Kafar zanar tana nan, na sha cewa zan ɗinke ta ban yi ba. Ba su gan ni ba. Na ji ya ɗaga murya yadda ake yi wa tsoho mai nauyin kunne:

"Gwaggo, ga masu awo sun zo. Miƙo hannu."

Sai aka yi tari daga ciki, gajeru guda biyu, na biyun ya fi na farkon kaushi. Duk wanda ya taɓa kwana a gidanmu ya san wannan tari.

Sannan hannu ya fito. A hankali ya fito, naɗe da baƙin mayafinta na saƙi, yatsun furu-furu kamar an tono su daga ƙasa. Munduwar ta gangaro ta tsaya a wuyan hannun.

Na so in yi salati, harshena ya ƙi. Na dafa katangar maƙwabci. Da hannuna na jera itace a kabarinta, da hannuna na yaɓa ƙasa, ga shi kuma ina kallon hannunta a rana, har da inuwarsa a ƙasa. Mutumin ya ɗaura roba ya yi ta matsawa, ya sa abin saurare a kunne, ya kalli agogon awon. Ya yi murmushi.

"Mama, madalla! Jini ya sauka sosai. Kamar na yarinya."

Ɗan kawuna ya yi dariya. A cikin dariyar ya juyo muka haɗa ido. Wallahi ko ƙiftawa bai yi ba.

"A'a, ga ɗan Gwaggo nan, bawana, an dawo daga ɗaukar kwanon siminti. Ƙauyanci bai sake ka ba? Gai da baƙo mana."

Na gai da baƙo. Har na tambaye shi hanya. Ya ɗora kwalba a tafin hannun, yatsun suka rufe a kanta, hannun ya koma ciki. Suka shiga mota suka yi gaba.

Na shiga gida. A bayan zanar matata ce zaune a kan buzun Inna, ta shafa toka tun daga yatsu har gwiwar hannu. Da ta gan ni ba ta tashi ba.

Na ce, "Tun yaushe?"

"Tun watan da ta rasu, Malam."

"Me ya sa?"

"Yaya ne ya ce in aka ji ta rasu tana shan maganinsu, za su zo da takardar gwamnati su tone ta, su buɗe cikinta su ga abin da ya kashe ta. Ya ce kai zuciya gare ka, in ka ji za ka yi faɗa da hukuma a ɗaure ka. Ya ce 'yan watanni ne kawai."

"Ƙwayoyin fa?"

Ta sunkuyar da kai. Shanye su take yi, ɗaya kullum, don ya ce mata wata rana za a ɗebi jini, in ba a ga maganin a ciki ba asiri ya tonu. Shi ya sa take ta jiri, ni kuma ina cewa zafi ne.

Na ce, "Tarin kuma shi ya koya miki?"

Ta ɗago, idanunta jawur. "Ba wanda ya koya mini. In na zauna a wurin nan shi yake zuwa."

Da la'asar na same shi a ɗakin shan magani yana cin gyaɗa. Ya ce in zauna, na ƙi. Ya ce ni ban san yadda aiki yake ba. In aka rubuta mutuwa, manya za su zo bincike, a rufe rajistar ƙauyenmu, sauran tsofaffi su rasa magani, shi kuma kwas ɗin da aka yi masa alkawari ya bi ruwa. Ya ce Gwaggo ta riga ta tafi, rubutu ba ya dawo da ita, ba ya kuma ƙara mata nauyin ƙasa. Ya miƙo mini gyaɗa.

Na kai maganar gaban Kawu. Tsoho ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, "Ɗan'uwanka ne, kuma abokin wasanka. Yaushe aka fara kai taubashi gaban alƙali? So kake a tone 'yar'uwata a ƙare mata kallo?" Nan na haƙura, domin ni ma na yarda za a tone ta. Aji biyu bai isa ya gaya mini ƙarya ce ba.

Na dawo na ɗinke zanar da igiyar rama, na zubar da kwalbar a masai, na ce wa matata ko hannun riga ta sake zirawa a wurin, ta wuce gidansu. Wata biyu suka rage a gama gwajin. Yadda ya cike su ban sani ba. Na dai ji an ce a wata unguwa ma akwai gidan da aka yanka wa zana.

Matata ta daɗe ba ta dawo daidai ba. Jirin ya tafi, amma in yaran maƙwabta suka kira gwaggonsu ta bayan katanga, sai in ga ta ajiye muciya ta juya. Ba mu taɓa yin maganar ba. Shi kuwa ya tafi kwas, ya dawo aka kai shi Dutse, ya gina gida a unguwar Yalwawa, ya sauke farali. Da aka ƙaddamar da shari'a ya ajiye gemu, ya koma sahun gaba. Na taɓa jin sa da kunnena a wurin wani suna yana jan hankalin jama'a a kan shaidar zur.

Ana cikin shekarun nan ne rediyo ta fara sanarwa cewa jami'a za ta buɗe sabbin gwaje-gwaje, ba hawan jini kaɗai ba, har da ciwon suga da ƙoda da ido da fuka, ana neman masu sa kai. Na kashe rediyon. Bayan sati ɗaya mai unguwa, ɗan wancan na da, ya yi sallama a zaurena riƙe da ambulan da yatsu biyu, nesa da jikinsa.

Ya ce, "Malam, ban san wa zan ba ba. Sunan marigayiya ne a jiki."

Gefe ɗaya Turanci, gefe ɗaya Hausa, saboda haka ba abin da na tsallake. Suna gaishe ta, suna gode mata. Sun ce da aka buɗe lambobi an ga tana cikin waɗanda suka sha maganin gaske, kuma tana cikin waɗanda jininsu ya sauka da kyau har ƙarshe. Don haka suna so ta kasance cikin na farko a sabon gwajin. Ɗanta ya rako ta Dutse ranar Talata ta sama, ta zo ba ta karya ba.

Kafin magariba labari ya gama gari. Mata suna leƙen gidanmu ta saman danga. Wani ya ce mini a masallaci, da wasa, "In za ta tafi a gaya mana, muna da saƙo wurin namu."

Ni ban ce maganinsu ne ya kashe Inna ba. Ban sani ba. Ta tsufa, kwana kuma in ya ƙare ya ƙare. Amma ƙafafunta sun kumbura, bakinta ya yi ɗanɗanon ƙarfe, ta faɗi, kuma maganin gaske take sha. Mutanen da suka tako daga jami'a don su ji irin wannan ba su ji ba. Abin da suka ji shi ne jinin matata mai shekara ashirin da 'yan kai. Yanzu a can, cikin wani kabad, uwata tana zaune lafiya lau, tana tsufa, ana jiranta ranar Talata.

Ban jira Talata ba. Da safe na hau mota na je inda takardar ta ce. Layin tsofaffi har waje, kowa da katinsa. A teburin rajista na tarar da nas ɗin nan 'yar Filato, kanta ya yi furfura. Na miƙa mata takardar. Ta karanta sunan ƙauyen, fuskarta ta washe.

"Mama mai munduwa! Wadda take ba ni fura a ƙwarya. Tana nan da ƙarfinta?"

Na ce ta rasu. Na faɗi kakar da ta rasu. Ta buɗe fayil tana bin layuka da yatsa, ta wuce wannan kakar, ta ci gaba, wata bayan wata, kowane da awonsa. Yatsan ya tsaya. Ta rufe fayil ɗin a hankali, ta ce wa na bayana su ɗan jira.

Na ba ta labari duka. Da na zo kan tone kabari ta dafe ƙirji.

"Wa ya gaya muku haka? Ba mai tone kowa, Malam. Tambaya kawai za a yi muku: me ta ji, yaushe ya fara, yaya ta faɗi. A rubuta. Shi ke nan."

Shi ke nan, in ji ta. Na zauna a kan bencin da ba a ba ni ba.

Na ce ta soke sunan, ta rubuta ta mutu. Ta ce ba ta da wannan ikon. Za ta ɗauki bayanina ta kai sama, amma takardar rasuwa ba mu da ita, mu a ƙauye wa yake karɓa? Wanda ya riƙe rajistar garin a lokacin, shi ne zai rubuta ranar da hannunsa ya sa hannu. Kafin nan, a wurinsu tana raye.

Daga nan Yalwawa na nufa da ƙafa. Na isa ana idar da la'asar. Yana zaune a ƙofar gidansa a kan darduma, farar riga, carbi a hannu, mutum huɗu ko biyar kewaye da shi ana shan shayi. Da ya hango ni ya buɗe hannuwa.

"Jama'a, ku ba da hanya, ga bawana ya zo gaishe da ubangidansa! Me ka kawo mini daga ƙauye, ko ƙurar ƙafa ce kawai?"

Suka yi dariya. Ban cire takalmi ba. Na ajiye masa takardar a kan gwiwa, na tsaya har ya karanta. Ya naɗe ta, ya ce, "Haba, tsohon zance. Shigo ciki mu yi magana, ai tsakaninmu ne."

Na ce, "A nan zan faɗa, Alhaji, su ma su ji. Kai ka riƙe ƙafafunta muka saka ta a rami. Ka wanke hannu ka koma ka rubuta ta samu sauƙi. Na je wurin mutanen, na gaya musu komai, sun ce hannunka suke jira. Layi ɗaya ne, ranar da ta mutu, kuma ka san ranar, kai ka yi sanarwa a masallaci. Ka rubuta kafin Talata. In ba ka rubuta ba, ranar zan zo da matata, mu shiga layi da sunan Inna, in an kira ta amsa a gaban kowa, kai kuma ka zo ka yi musu bayani. Wasa kuma ya ƙare tsakanina da kai, kada ka sake ce mini bawanka, ni ma ba zan ce maka ba. In na riga ka, kada ka tsaya a sahun jana'izata. Ban yarda ba. Ka bari waɗanda suka san matacce in sun gan shi su sallace ni."